Tsaunin Kitsen Birnin Landan: Hannunka Mai Sanda Ga Abuja, Kano Da Kaduna

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. A watan Satumba na shekarar 2017, ma'aikatan kamfanin Thames Water, wanda ke kula da ruwan sha da magudanan ƙazanta na birnin Landan, sun shiga ƙarƙashin ƙasa a unguwar Whitechapel domin duba magudana kamar yadda suka saba, sai suka yi kiciɓis da wani abu da ya zama abin magana a duniya baki ɗaya. Wani dunƙulen kitse ne ya daskare ya cike magudanar, tsawonsa mita 250, wato ya zarce filin ƙwallon ƙafa biyu a jere, nauyinsa kuwa an ƙiyasta ya kai tan 130. Domin mai karatu ya gane girman al'amarin, wannan nauyi daidai yake da buhun siminti 2,600. Sai da ma'aikata suka kwashe mako tara suna fama da shi, da injinan feshin ruwa masu ƙarfi da shebur, cikin zafi da ɗoyi, kafin suka ga bayansa. Turawan Ingila sun laƙaba masa suna mai ma'anar tsaunin kitse, har a watan Fabrairun 2018 aka kai wani gutsurensa gidan tarihi na birnin, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa kallon abin da hannayensu suka shuka.

Wannan bai zama na farko ba, bai kuma zama na ƙarshe ba. A 2013 an haƙo mai nauyin tan 15 a Kingston, kudu maso yammacin Landan. A ƙarshen 2018 aka gano mai tsawon mita 64 a Sidmouth, wani ɗan ƙaramin gari na bakin teku, abin da ya nuna cewa matsalar ba ta manyan birane kaɗai ba ce. A 2021 kuma aka ci karo da wani a Birmingham wanda aka ƙiyasta nauyinsa ya kai tan 300, tsawonsa kuma kusan kilomita guda.

Mai karatu na iya tambaya, to mu ina ruwanmu da kitsen Turawa? Amsar ita ce, idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa ake yi. Amma kafin mu zo kanmu, ya kamata mu fahimci yadda ruwan wanke-wanke ke rikiɗa ya koma dutse.

Duk wanda ya taɓa ganin yadda iyayenmu mata ke haɗa sabulun salo ya riga ya san rabin wannan ilimi. Ana tace ruwan toka, a haɗa shi da mai, a dafa, sai ya daskare ya zama sabulu. Kusan abin da ke faruwa ke nan a cikin magudana, sai dai babu mai tsaye a kan tukunyar. Mai da kitse da romon nama suna sauka daga wurin wanke-wanke suna da ɗumi, suna gudu kamar ruwa. Da zarar sun yi nisa cikin bututu sai su huce, su manne a jikinsa. Daga nan sai su fara ruɓewa, su haɗu da sinadarin kalsiyam da ke cikin ruwa da wanda ke fita daga jikin kankare, su zama wani irin sabulu mai tauri wanda ruwa ba ya narkar da shi. Duk abin da ya biyo ta wurin, ko tsumma ne ko leda ko gashi, sai ya maƙale, sabon maiƙo ya zo ya lulluɓe shi. Yau da gobe, wadda aka ce ba ta bar komai ba, sai hanyar ruwa ta tsuke har ta toshe. Saboda haka masu zuba tafasasshen ruwa da omo a bayan maiƙo, suna zaton sun wanke bututu, yaudarar kansu suke yi. Abin da suka yi kawai shi ne tura matsalar gaba kaɗan, zuwa ƙofar maƙwabci.

Su wane ne ke da alhakin wannan ɓarna? Bayan abin da ya faru a Whitechapel, kamfanin Thames Water ya bayyana cewa cikin ɗaruruwan gidajen sayar da abinci da ma'aikatansa suka ziyarta a Landan, kimanin tara cikin kowane goma ba su da ingantaccen tsarin tare maiƙo kafin ya faɗa magudana. A Amurka ma, rahoton da hukumar kare muhalli ta ƙasar ta gabatar wa majalisa a 2004 ya nuna cewa maiƙo ne kan gaba wajen toshe magudanan ƙazanta, da kashi 47 cikin 100 na toshewar da aka ba da rahotonta. Sai dai adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Wani bincike da ƙungiyar kamfanonin ruwa ta Birtaniya ta fitar a 2017 ya gano cewa kimanin kashi 93 cikin 100 na tarkacen da aka zaro daga wuraren da suka toshe, ƙyallayen goge jiki ne masu danshi, irin waɗanda ake goge wa jarirai jiki da su, a jefa a masai. Ke nan ƙyalle shi ne tubali, maiƙo kuma shi ne simintin da ke riƙe ginin. Ƙungiyar ta ce ana samun toshewa kusan 300,000 a kowace shekara a ƙasar, ana kuma kashe kimanin fam miliyan 100 wajen buɗe su. Wannan kuɗi daga aljihun masu biyan kuɗin ruwa yake fita, har da wanda bai taɓa taka ƙofar gidan abinci ba. Wani ya ci riba, wani ya biya kuɗin sharar bayansa.

Idan ba a manta ba, mutanen Landan ba don ƙawa suka gina waɗannan magudanai ba. Annobar kwalara ce ta riƙa yi musu ɗauki ɗai-ɗai a tsakiyar ƙarni na 19, har a 1854 wani likita mai suna John Snow ya nuna cewa daga wani famfon ruwa da ƙazanta ta gurɓata cutar ke yaɗuwa a unguwar Soho. A bazarar 1858 kuma ɗoyin Kogin Thames ya kai matsayin da 'yan majalisar dokoki suka kasa zama a zaurensu cikin natsuwa, sai suka yi gaggawar amincewa da kuɗin aikin da injiniya Joseph Bazalgette ya jagoranta. Magudanan da ya gina suna aiki har yau, bayan fiye da shekara 150. Manufarsu guda ce: a raba ƙazantar ɗan Adam da ruwan da yake sha. Duk ranar da magudana ta toshe, ƙazantar ba ta da wurin zuwa sai baya, ta ɓullo ta masan gidajen mutane, ko ta malalo kan titi, ko ta gangara kogi. Ashe ke nan wanda ya zuba maiƙo a bututu, da hannunsa yake warware aikin da aka yi domin kare rayukan jama'a.

Yanzu mu dawo gida. Abuja na daga cikin 'yan tsirarun biranen Nijeriya da aka tsara da magudanar ƙazanta ta bai-ɗaya a ƙarƙashin ƙasa, wadda ke kwasar ruwan gidaje da ofisoshi da otal-otal na unguwanni irin su Garki da Wuse da Maitama da Asokoro, ta kai shi matatar Wupa da aka ƙaddamar a 2007. Wato duk sharuɗɗan da suka haifi tsaunin kitsen Landan sun cika a babban birnin tarayya: ga bututu a binne, ga gidajen abinci da wuraren shaƙatawa da ɗakunan biki suna ƙaruwa kullum, ga ƙyallen goge jarirai ya shiga kusan kowane gida. Mazauna birnin ba baƙi ba ne ga ganin ruwan ƙazanta na tumbatsa daga bakin magudana yana bin titi. Dalilan hakan suna da yawa, daga shara zuwa fashewar bututu zuwa gini a kan hanyar ruwa, amma babu wani dalili na hankali da zai sa a ɗauka cewa maiƙon Abuja ya fi na Landan ladabi.

A Kano da Kaduna da Zariya da Sakkwato kuwa, galibin unguwanni ba su da irin wannan magudana. Abin da muke da shi shi ne lambatu a buɗe, da kwata, da ramin da ake haƙawa a bayan gida domin ruwa ya tsotse cikin ƙasa. Wani zai ce to ai mun huta. Ina! Maiƙon da ya shiga lambatu yana kama yashi da leda da ɓawon rake ya dunƙule su, ruwa ya tsaya ya yi baƙi, sauro da ɓeraye da kyankyasai su samu gidan zama. Ranar da aka yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, kwalbatin da ya tsuke ba zai iya ɗauka ba, sai ruwan ya nemi hanya ta shagunan mutane da ɗakunan kwanansu. Wanda ya shiga ramin bayan gida kuma yana toshe ƙofofin da ƙasa ke shan ruwa ta cikinsu, sai ramin ya riƙa cika da wuri, mai gida ya yi ta kiran motar kwasa yana mamakin abin da ya faru. A Kano, abin da ya tsira daga lambatu yana gangarawa rafin Jakara, wanda ke ratsa birnin ya nufi madatsar ruwa ta Wasai, kuma a gefensa manoman rani ke ban-ruwan latas da kabeji da alayyafo da ake dawo mana da su kasuwa. Kowa ya tuna cewa a 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya bisa ƙididdigar hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, ta kashe fiye da 3,500, kuma jihohin Bauchi da Jigawa da Kano suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ba maiƙo ne ke haddasa kwalara ba, amma duk abin da ke hana ƙazanta tafiya, ya sa ta kwanta kusa da rijiya ko fasasshen bututun ruwan sha, to ya share wa cutar hanya.

Akwai hujjoji uku da na san za a kawo domin a yi watsi da wannan magana. Ta farko, za a ce ƙasarmu ƙasar zafi ce, kitse ba ya daskarewa. Duk wanda ya taɓa barin kwanon farfesu ko na balangu ya kwana ya san amsar wannan. Kitsen shanu da na rago sai zafi ya haura ma'auni 40 suke narkewa, man ja ma yakan yi barci a cikin galan, ballantana a lokacin hunturu. Bugu da ƙari, haɗuwar maiƙo da kalsiyam ba ta jiran sanyi. Ƙasar Singafo tana dab da tsakiyar duniya, ba ta san hunturu ba, amma ta wajabta wa gidajen abinci girka na'urar tare maiƙo da kula da ita.

Hujja ta biyu, za a ce mai ya yi tsada a wurinmu, babu mai hankalin da zai zubar da shi. Wannan gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Man suya da ya saura a kasko ba kasafai ake zubar da shi ba. Wanda ke shiga bututu shi ne na wanke-wanke: maiƙon tukwanen miya, da na faranti ɗari biyar na ranar biki, da ruwan wanke nama da kayan ciki, da na wanke daɓen kicin da dare. Cokali-cokali yake tafiya, shi ya sa ba a ganinsa, shi ya sa kuma ya fi haɗari.

Hujja ta uku, za a ce muna fama da rashin tsaro da tsadar rayuwa da rashin wutar lantarki, wa ke da lokacin maiƙo? Wannan ita ce irin maganar da ta kai mu inda muke a abubuwa da dama. Ƙasar da ba ta da kuɗin gina sabuwar magudana ita ta fi kowa buƙatar tattalin wadda take da ita. Idan Birtaniya na iya ɗaukar asarar fam miliyan 100 a shekara, wace jiha ce a Arewa za ta iya ɗaukar ko da kashi ɗaya cikin goma na wannan? Rigakafi ya fi magani, ga matalauci kuwa sau da yawa rigakafin ne kaɗai maganin da yake iya saye.

Abin farin ciki shi ne maganin ba ya buƙatar wata fasaha daga ƙasashen waje. Ana kiransa tarkon maiƙo, kuma duk bikilan da ya iya gina kwatami, ko maƙerin da ya iya walda, zai iya yin sa. Akwati ne na ƙarfe ko na siminti da ake sanyawa tsakanin wurin wanke-wanke da magudana, an raba cikinsa da 'yan katangu. Idan ruwan wanke-wanke ya shiga sai gudunsa ya ragu ya huce. Tun da mai ya fi ruwa rashin nauyi, sai ya taso sama, guntattakin abinci su kwanta a ƙasa, ruwan da ke tsakiya ya fita ta wani bututu da bakinsa ke nutse. Sharaɗinsa ɗaya ne: a riƙa kwashe shi. A garuruwa da yawa na Amurka ƙa'idar ita ce, da zarar maiƙon sama da laka ta ƙasa sun kai kashi ɗaya cikin huɗu na zurfin akwatin, to lokacin kwasa ya yi. Tarkon da aka girka aka manta da shi bai fi babu ba, ya ma fi muni, domin yana tara ɗoyi da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ke cin kankare, kuma takan hallaka ma'aikacin da ya shiga rami ba tare da kariya ba.

Sai tambaya ta gaba, wadda ita ce ta fi muhimmanci: idan an kwashe, ina za a kai shi? Idan motar kwasa za ta ɗauka daga bayan otal ta je ta juye a rafi cikin dare, to an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Mutanen Landan sun tace wani ɓangare na tsaunin Whitechapel suka mai da shi man dizal na ababen hawa, kuma a yau tsohon man suya haja ce da ake cinikinta tsakanin ƙasashe domin wannan aiki. A wurinmu, inda dizal ke cinye ribar kowace masana'anta, inda kuma sana'ar sabulun wanki ke hannun dubban mata, wannan dama ce ga jami'o'inmu da kwalejojin kimiyya da matasa masu neman abin yi. Amma a nan ma akwai rami. A watan Satumban 2011 'yan sandan ƙasar Sin sun kama mutum 32 tare da ƙwace kimanin tan 100 na man da aka kwaso daga magudanai da bayan gidajen abinci, aka tace shi aka mayar kasuwa a matsayin man girki. A 2014 irin wannan badaƙala ta girgiza Taiwan. A kasuwanninmu, inda ake sayar da mai a kwalba da gwangwani ba tare da tambari ba, mai mugun nufi ba zai sha wata wahala ba wajen yi mana irin wannan aika-aika. Saboda haka duk tsarin tattara maiƙo da za a kafa, tilas ne hukumar NAFDAC ta san inda kowace jarka ta fito da inda ta ƙare.

A ganina, abin da ya kamata a yi a fili yake. Hukumomin tsara birane su daina amincewa da zanen ginin otal ko gidan abinci ko ɗakin biki ko kicin ɗin makarantar kwana ko na asibiti, matuƙar babu tarkon maiƙo daidai girman aikin a cikin zanen, domin tun ran gini ran zane. Waɗanda suka riga suka ginu a ba su wa'adi mai ma'ana, a kuma ɗaure sabunta lasisinsu da shaidar girkawa. Kowane gidan abinci ya ajiye littafi mai nuna ranar da aka kwashe tarkonsa, da wanda ya kwashe, da inda aka kai. Masu motocin kwasa a yi musu rajista, a ware musu wurin juyewa. Hukumar kare muhalli ta Abuja da takwarorinta na jihohi, irin su REMASAB a Kano, tare da NESREA da aka kafa a 2007, ba su rasa dokokin tsaftar muhalli da za su dogara da su ba. A Ingila ma dokar da ta haramta zuba abin da zai hana magudana gudu tana nan tun 1991, amma ba ta hana tsaunin Whitechapel girma ba, saboda babu mai zagawa ya buɗe murfi ya duba. Dattawanmu suna tuna zamanin duba-gari, lokacin da jin ƙarar takalminsa a zaure kan sa a share gida a wanke randa. Wannan aikin ne ya kamata a farfaɗo da shi, a ba ma'aikatan lafiyar muhalli horo da kayan aiki da albashin da zai hana su miƙa hannu.

Sai dai ina da gargaɗi ga hukumomi. Mun saba ganin kyakkyawar doka ta rikiɗe ta zama hanyar tatsar talaka, a buga rasit, a saki 'yan kama-kama da sanduna, su bar babban otal mai ɗaki ɗari su tafi kifar da kaskon mai ƙosai. Wannan zalunci ne, kuma ba zai buɗe ko da kwalbati ɗaya ba. Nauyi ya hau kan kowa gwargwadon maiƙon da yake fitarwa. A fara da manya: otal-otal, da manyan gidajen abinci masu rassa, da ɗakunan biki, da mayanka. Mai tuyar masa da mai awara da mai tukuba da mai shayi, waɗanda jarinsu bai taka kara ya karya ba, ƙaramar hukuma ko hukumar kasuwa ce ya kamata ta gina musu wurin wanke-wanke na haɗin gwiwa mai tarko guda, daga cikin kuɗin harajin da take karɓa a hannunsu kullum. Ƙungiyoyinsu na sana'a, da sarkin fawa da shugabannin kasuwa, sun fi kowane jami'i sanin yadda za a sa su kiyaye shi.

Mu ma da muke karanta wannan shafi muna da namu kason. Da yawanmu ne masu waɗannan gine-gine, ko masu zana su, ko masu sa hannu a takardun amincewa da su, ko masu kama ɗakin biki a ɗaura wa 'ya'yanmu aure. A gidajenmu kuma, ba wani abu ne mai wuya ba a kankare maiƙon tukunya a zuba a shara kafin a wanke, a sa rariya a bakin bututu, a kuma daina jefa ƙyallen goge jarirai a masai.

Daga ƙarshe, mutanen Landan sun yi sa'a sun gano nasu tsaunin kafin ya fasa titi, kuma suna da kuɗi da kayan aikin da za su rusa shi cikin mako tara. Mu ba mu da tabbacin ko ɗaya daga cikin biyun. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba a ranar da ƙazanta ta shigo falo ake neman bikila ba. Fatanmu shi ne waɗanda abin ya rataya a wuyansu su buɗe murfin magudanan nan su leƙa tun kafin damina mai zuwa ta buɗe musu da kanta. Allah Ya sa a gyara.